Katinka, BVN ɗinka, da Bashin da Ba Ka Ci Ba

A Amurka, idan aka ce an damfari mutum ta kati, galibi katin bashi ake nufi. Banki ya yanke maka iyakar abin da za ka kashe, ka saya yau, ka biya ƙarshen wata. Irin wannan kati bai yaɗu a wajenmu ba. Wanda ke aljihun malamin firamare a Gantsa ko manomin riɗi a Kawaya na cirar kuɗinsa ne na kansa, Verve ko Mastercard ko Visa. Can idan ɓarawo ya yi ɓarna, kuɗin banki ya fara taɓawa, don haka bankin ne zai tayar da jijiyar wuya. Nan kuwa guminka ne ya tafi, kuma kai za ka bi sawu.

Sai dai sata biyu ce, mutane kuma ɗaya suke gani. Ta farko a kwashe abin da ke asusu. Ta biyu a ci bashi da sunanka, ita ce mai daɗewa, domin kuɗin da aka sace yana da iyaka, amma sunan da ya shiga jerin masu taurin bashi yana iya hana ka rancen taki ko na jari shekaru bayan ka manta da zancen. Dukansu biyun sau da yawa ta ƙofa ɗaya suke shigowa, wato layin wayarka da lambar BVN, lambobi 11 ɗin nan da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da su a watan Fabrairun 2014, waɗanda suka ɗaure duk asusun da ka mallaka wuri guda.

Mu fara da teburin mai POS, tunda nan ne bankin yawancinmu. Mutumin Ahoto ko Kukuma da ke son ganin ma'aikacin banki ido da ido, galibi sai ya biya kuɗin mota zuwa Birnin Kudu ko Dutse. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, har wanda bai taɓa yarda da banki ba ya koma hannun masu na'ura. Mafi yawansu yaran kirki ne masu neman halak, kowa ya san gidan iyayensu. Matsalar tana ga yadda muke mu'amala da su. Ka tsaya ranar kasuwa ka gani. Dattijo ya zaro kati daga cikin hula, ya miƙa, yaro ya ce, "Baba, lambar fa?" Shi kuwa Baba ya karanto ta da ƙarfi, mutum shida na tsaye a bayansa. Wani ma ya rubuta ta a ƙyallen takarda ya manna a bayan katin. Wata baiwar Allah tana cikin gida, katinta na yawo a hannun ɗan aike wata da watanni, ba ta san ko nawa ya shigo ba balle nawa ya fita.

Dabarun ɓarayin ba masu zurfi ba ne. Akwai musanya: ka tsaya gaban na'urar ATM a Dutse tana maka gardama, wani mai fara'a ya matso ya ce bari ya taimaka, ya ga lambar da ka danna, ya mayar maka da mataccen kati mai kalar naka. Sai ka isa gida alat ya fara shigowa. Akwai ɗaukar hoto: a karɓi katinka a ce babu sabis, a juya baya da shi daƙiƙa biyar, a ɗauki gaba da baya. Dogayen lambobin gaba, da watan ƙarewar aiki, da lambobi uku na baya, su ake buƙata wajen sayayya a intanet, wasu shafukan ƙetare ma ba sa neman komai bayan su. Saboda haka kar katinka ya ɓace wa idonka, kai za ka danna lambar sirri da hannunka, ɗaya hannun yana rufe da na'urar, kuma ka duba adadin da aka rubuta kafin ka danna. In an ce ciniki bai wuce ba, karɓi rasit ɗin ka ajiye. Lambobi ukun nan na baya, ka haddace su ka liƙe wurin da ɗan salatif. Wanda ba ya iya karatu ya zaɓi mutum ɗaya tak cikin iyalinsa, kuma ya sa a riƙa karanta masa alat duk mako.

Wadda ta fi cin mutane ita ce ta waya, kuma yanzu da Hausa tsantsa ake yinta. "Salamu alaikum, Alhaji, daga hedikwatar banki ne. BVN ɗinka ya samu matsala, yau ƙarfe huɗu za a rufe asusunka. Yanzu za ka ga wasu lambobi sun shigo wayarka, karanto min in gyara maka." Zai faɗi cikakken sunanka, wani lokaci har ranar haihuwarka, sai zuciyarka ta kwanta. Sanin sunanka ba shaida ba ce, bayanan mutane suna yawo a fom ɗin tallafi da rajistar ƙungiyoyi iri-iri. Lambobin da suka shigo ɗin nan su ne mabuɗin ƙarshe da ya rage masa. Babu bankin da ke tambayar lambar sirri ko waɗannan lambobin ta waya, ko da manajan reshe ne da kansa. Kashe wayar kawai, ba sai ka yi masa sallama ba. Haka saƙon Facebook ko WhatsApp mai cewa an buɗe rajistar tallafin gwamnati, a cike lambar kati. Mai ba ka kuɗi lambar asusu kaɗai yake buƙata.

Wani abin da mutane ke rainawa shi ne layin waya. Wanda ya zare maka ƙaramar waya a kasuwar Shuwarin ba wayar ce ta dame shi ba. Da layinka zai danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, ya gano bankinka daga tsofaffin saƙonni, ya gwada buɗe hanyar tura kuɗi, ya sauke manhajojin bashi ya ci rance da sunanka. Maganin wannan kyauta ne: sa wa sim ɗin kansa lambar sirri a cikin saitin waya, ta yadda duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar. Kuma in ka daina amfani da wani layi, je banki ka cire shi daga asusunka da BVN, domin layin da ya daɗe a kwance kamfani na sake sayar da shi ga wani, alat ɗinka ya koma hannun baƙo.

To, in abin ya riga ya faru fa? A nan sa'a ɗaya ta fi mako amfani. Kuɗin sata ba ya kwana a asusu ɗaya, ana rarraba shi ne zuwa wasu asusun a cire ta POS kafin gari ya waye. Abu na farko, rufe asusun daga inda kake tsaye, ko da wayar maƙwabci ce. Bankuna suna da lambar gaggawa ta wannan aiki: Zenith *966*911#, Access *901*911#, First Bank *894*911#. Nemi ta bankinka yau, ka rubuta a bangon ɗaki ko cikin littafin da ba ya fita gida, ban da cikin wayar da za a iya sacewa. In layi ne ya tafi, sa kamfanin waya ya toshe shi, sannan ka je da NIN ɗinka a dawo maka da shi. Washegari da sassafe ka kama hanyar reshe. Kar ka tsaya a bakin kanta kana ba da labari da baki. Rubuta ƙorafi: rana, lokaci, adadi, da asusun da kuɗin ya tafi in ya fito a alat. Ka nemi a buga maka hatimi a kwafinka, a ba ka lambar ƙorafi, kuma ka roƙi sashen yaƙi da zamba na bankin ya tuntuɓi bankin da kuɗin ya sauka don a riƙe shi. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda, domin sau da yawa ko an riƙe kuɗin sai da umarnin kotu ake dawo da shi. In adadin mai yawa ne, EFCC na da ofishin shiyya a Kano. Idan mako biyu ya wuce banki bai ce komai ba, ƙa'ida ta ba ka damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, wanda ke da reshe a Dutse, ka haɗa da kwafin takardar da aka buga wa hatimi.

Ba zan yi maka daɗin baki ba. Idan da bakinka ka karanta lambobin, da wuya banki ya biya ka daga aljihunsa, abin da za a iya ceto shi ne wanda aka tarar bai fita ba. Shi ya sa kunya ta fi ɓarawon illa. Magidanci ya kwana uku yana jin nauyin a ce an yi masa wayo, sai ranar huɗu ya faɗa wa ɗansa. Alƙaluman NIBSS, kamfanin da ke haɗa hada-hadar bankunan ƙasar nan, sun nuna an yi asarar sama da naira biliyan 52 ta hanyar zamba a 2024 kaɗai. Cikin waɗanda aka cuta akwai masu digiri da manyan 'yan kasuwa.

Yanzu sai maganar suna. Kowane mai shago a Gantsa yana da littafin bashi, ya san wanda ke biya da kaka da wanda sai an kai shi gaban mai unguwa. Bankuna ma suna da nasu, sai dai nasu na ƙasa baki ɗaya ne, kuma da BVN ake buɗe shafin kowa. Kamfanoni uku ke riƙe da shi da lasisin Babban Banki: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna, da ƙananan bankuna, da yawancin manhajojin bashi masu rajista suna aika musu labarin wanda ya ci, da nawa, da yadda yake biya. Daga nan ake fitar wa mutum maki, a ma'aunin CRC daga 300 zuwa 850. Babban Banki ya wajabta wa bankuna duba aƙalla biyu daga cikin kamfanonin kafin su ba da rance, kuma dokar da ta tsara harkar a 2017 ta ce a adana bayanin aƙalla shekara shida. Wani zai ce shi ba ruwansa da bashin ruwa, kuma yana da hujjarsa ta addini. Amma bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin su Jaiz da TAJ, su ma littafin nan suke buɗewa kafin su saya maka babur ko injin ban ruwa. Haka tsarin CREDICORP da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024 don saye da biya sannu a hankali.

Dokar ta 2017 ta ba ka haƙƙin karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Kaɗan ne cikinmu suka taɓa nema. Ana nema ta shafukan kamfanonin na intanet, in ba ka iya ba ɗanka ko ƙaninka ya zauna kusa da kai ku yi tare. Wanda aka taɓa sace wa waya ko kati, ya duba bayan wata biyu ko uku, don bashin bogi ba ya bayyana nan take. Idan ka ga rancen da ba ka sani ba, rubuta wa wanda ya ba da shi da kuma kamfanin da ya nuna shi, ka haɗa da rahoton 'yan sanda, da takardar rantsuwa ta kotu, da shaidar ranar da ka toshe layinka. Ranar nan ita ce hujjarka mafi ƙarfi. Kar ka biya ko sisi don a bar ka ka huta, biyan wani ɓangare kamar amsa laifi ne. In masu manhaja suka fara kiran surukanka da abokan aikinka suna ce maka ɓarawo, ka ajiye hotunan saƙonnin ka kai ƙara hukumar FCCPC, wadda tun 2022 ta tilasta musu rajista, ko hukumar kare bayanan jama'a da dokar 2023 ta kafa.

Akwai kuma bashin da mu muka ci da hannunmu muka ce ba bashi ba ne. A 2020, lokacin korona, rancen bankin NIRSAL ya zagaye ƙauyukanmu. Dillalai suka bi gida-gida suna karɓar BVN, suka yanki kasonsu, mutane da yawa suka ɗauka rabon gwamnati ne. Haka aka yi da rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. A littafin banki duk sunansu bashi. Tun 1 ga Agustan 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire uwar kuɗi da ruwanta daga duk wani asusun da ke ɗaure da BVN ɗinka, ko a wane banki yake. Shi ya sa wani zai sayar da zoɓo, kuɗi ya shiga da safe, da rana ya ga an zare, ya yi ta rantsuwa 'yan damfara ne. Kafin ka yi kururuwa, karanta bayanin da ke jikin alat. In tsohon bashi ne, sauya banki ba ya ɓoye ka. Ka je ka nemi cikakken lissafi, ku yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan a rubuce, in ka gama ka karɓi takardar shaidar kammala biya, sannan ka sake duba rahotonka ka tabbatar an gyara, domin wani lokaci mutum ya biya amma shafinsa na nan yadda yake.

Ga matasa kuma: masu zuwa su ce ka ba da aron asusunka a turo kuɗi a ba ka dubu biyar, ko ka buɗe sabo da BVN ɗinka ka miƙa musu, kuɗin da aka kwashe wa wani dattijo ne zai bi ta kanka. Ranar da aka bi sawu, sunanka za a tarar, ba nasu ba. Babban Banki na da jerin BVN ɗin da aka samu da hannu a zamba, wanda duk bankuna ke gani, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Tsaya wa wani ma haka yake. Kafin ka sa hannu a fom ɗin rancen abokin aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, tambayi adadin da tsawon lokacin, ka karɓi kwafi, domin in ya gaza daga albashinka za a fara.