Giwar Madina Da Wayar Ɗan Makaranta

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ilmi da ma'abotansa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan wata mas'ala ne wadda ta daɗe tana haɗa iyaye da malamai gardama, watau ko ya kamata a bar yaro ya riƙe wayar salula a makaranta, ko kuwa a hana shi. Tun da aka buɗe layukan GSM a Nijeriya cikin 2001, wayar ta yi ta bin gida gida har ta kai ga aljihun yara. Uba ya ce hankalinsa ba ya kwanciya in bai ji muryar 'yarsa ba. Malami kuma ya ce yana ta bayani gaban allo, idanun yara na ƙarƙashin tebur. Kowannensu da hujjarsa, saboda haka sai a ɗora maganar bisa ma'aunin Shari'a.

Malaman tarihi sun kawo labarin Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, wanda ya taso tun daga Andalus ya zo Madina don ya ɗauki karatu wurin Imamu Malik. Wata rana ana cikin darasi sai aka yi shela cewa ga giwa an shigo da ita gari. Giwa kuwa baƙuwar dabba ce a ƙasar Hijaz, sai almajirai suka watse zuwa kallo, aka bar Yahaya zaune shi kaɗai. Da Imamu Malik ya tambaye shi abin da ya hana shi fita, alhali babu giwa a ƙasarsu, sai ya amsa cewa shi ya baro gida ne don ya ga malaminsa ya koyi ilminsa da halayensa, kallon giwa bai kawo shi ba. Daga nan Imamu Malik ya kira shi mai hankalin mutanen Andalus. Imamu Malik ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, Yahaya kuma a 234, kuma har yau ruwayar Yahaya ta littafin Muwaɗɗa ita ce ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa.

Kallon giwa ba haram ba ne, kuma babu wanda ya ce waɗanda suka fita sun yi zunubi. Amma sun bar abin da ya kawo su sun bi abin da ya gitta. To, giwar nan sau ɗaya ta ratsa, ta wuce. Wayar salula kuwa tana cikin aljihun yaro, tana kiransa kowane lokaci, da saƙo, da hoto, da wasa, da labarin ƙwallo. Idan manyan almajiran Madina suka kasa zama, yaya za a zaci yaro ɗan shekara 13 ya iya?

A wajen malaman Usulu, asalin abubuwan amfani na duniya halal ne, sai wanda nassi ya hana. Sun kuma ce hanya tana ɗaukar hukuncin inda ta nufa. Waya kamar wuƙa take, a yanka ragon Layya da ita, a kuma yi ɓarna da ita. Da ita ake sauraron tafsiri, a sada zumunci, a nemi likita cikin dare. Cikin 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, yara da dama ta waya da rediyo suka ci gaba da jin darasi. Tun daga 2015 kuma da kwamfuta ake ɗaukar jarrabawar JAMB, don haka yaron da bai taɓa sanin waɗannan na'urori ba an cuce shi. Ashe ke nan wanda ya ce ita kanta wayar haram ce ya wuce gona da iri.

Sai dai majalisin ilmi yana da nasa ladabi. A cikin aya ta 4 ta Suratul Ahzabi, Allah Ya bayyana cewa bai sanya wa kowane mutum zuciya biyu a cikinsa ba. Zuciyar da ta tafi wajen saƙo ba ta tare da malami. An siffanta zaman Sahabbai gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa don tsananin natsuwa kamar tsuntsaye ne suka sauka bisa kawunansu. Banda shagala kuma akwai wasu ɓarnace-ɓarnace da kowane hedimasta ya sani: satar amsa a jarrabawa, alhali hadisin Muslim ya fitar da mai ha'inci daga sahun jama'ar Annabi, ɗaukar hoton wani a ɓoye a yaɗa don a muzanta shi, alhali Suratul Hujurati ta hana izgili da binciken asirin mutane da giba, da kuma kallon abin da ido bai kamata ya gani ba.

A nan ne ƙa'idar da mazhabar Malikiyya ta shahara da ita take aiki, wadda ake kira saddu zari'a, watau toshe kafar da ke kai wa ga ɓarna ko da ita kanta kafar halal ce. Misalinta shi ne aya ta 108 ta Suratul An'ami, inda aka hana Musulmi zagin gumakan mushirikai don kada su rama da zagin Allah. Bisa wannan, hukumar makaranta tana da ikon hana riƙe waya lokacin karatu, kuma bin wannan doka wajibi ne ga ɗalibi. Uban da ya sa hannu a kan dokokin makaranta ran da ya kai ɗansa ya ɗauki alkawari, kuma hadisi ya tabbatar da cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla. Uban da ya ɓoye wa ɗansa waya cikin garin kwaki ran komawa makaranta ya koya masa karya alkawari tun kafin malami ya koya masa komai.

Abin lura shi ne, ƙasashen da suka riga kowa wadata da waɗannan na'urori su ma nan suka dawo. Cikin 2018 majalisar dokokin Faransa ta kafa dokar da ta hana yara amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare, watau har wajen shekara 15, amma ta ware naƙasassu da marasa lafiya masu bukatarta, da kuma darasin da dokar makaranta ta yarda a yi da ita. Ƙasar Sin ta hana kai waya makaranta cikin 2021, sai da rubutacciyar yardar iyaye. Cikin 2023 hukumar ilmi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta yi kira da kada a shigar da na'ura aji sai inda za ta taimaki karatu. Holan ta bi sahu a farkon 2024, Barazil kuma a 2025.

Duk da haka, tsoron iyaye ba abin wasa ba ne. Wanda ya tuna 'yan mata 276 da aka sace a Chibok cikin 2014, da yara fiye da 300 na Ƙanƙara a Disamba ta 2020, da 'yan matan Jangebe a Fabrairu ta 2021, ba zai zargi uwar da ke son jin muryar ɗanta kullum ba. Kiyaye rai yana gaba da kiyaye darasi a cikin manufofin Shari'a. Saboda haka makarantar da ta karɓe waya daga hannun yara, musamman ta kwana, lalle ne ta tanadi tata wayar a hannun malamin da ke kula da ɗakin kwana, lambarta sananniya ga kowane uba, tare da ranakun da yara za su gaisa da gida. In ba ta yi haka ba, ta hana abu ba ta ba da madadinsa ba, wannan kuwa ba adalci ba ne.

Game da lokacin da ya dace a sakar wa yaro waya, Suratun Nisa'i ta ba da ma'auni. A aya ta 5 an hana danƙa dukiya ga wanda bai san tattalinta ba, a aya ta 6 kuma aka yi umurni da a riƙa jarraba marayu har su balaga, in an ga shiriya tare da su sannan a miƙa musu dukiyarsu. Dukiyar tasu ce, amma ana riƙe musu har hankali ya zo. Haka ya kamata a yi da waya. Ɗan firamare ba shi da bukatarta a makaranta. Ɗan sakandare mai jeka-ka-dawo, in tafiyarsa da nisa, ya zo da ƙarama wadda ba ta hawa intanet, ya ajiye ta a ofis da safe ya karɓa in an tashi. Ɗalibin jami'a kuwa baligi ne, amanar kansa na hannunsa, sai dai ya kashe ta in malami ya shigo.

Malamai su ma akwai haƙƙi a kansu. Wayar da aka karɓe amana ce, a rubuta sunan mai ita a mayar wa iyayensa. Farfasa ta da guduma gaban taron yara ɓarnar dukiya ce, wadda Annabi ya hana, sayar da ita kuwa cin haram ne. Bai kuma halatta a riƙa tonon saƙonnin yaro ba tare da dalili mai ƙarfi ba. Malamin da ya hana ɗalibi waya, sa'an nan ya bar aji tsaye yana hira a tasa, ya rushe dokarsa da hannunsa. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Uba da uwa da malami duk suna cikin wannan tambaya.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya ba su ilmi mai amfani da zuciya mai natsuwa irin ta Yahaya, Ya kuma tsare makarantu daga dukkan sharri, amin. Allah Shi ne Mafi sani.