HUKUNCIN HAYAR GIDA A MUSULUNCI

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, garin nan namu na Gagarawa Tasha sunansa ma daga tashar jirgin ƙasa ya samo shi, a kan layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Inda duk aka ce tasha kuwa akwai baƙo. Ga malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, ga ma'aikacin asibiti, ga mai sayen riɗi da kaka, ga 'ya'yanmu da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Duk ɗakin haya suke kwana.

To ku sani, haya ciniki ce, watau sayar da amfanin gida zuwa wani lokaci. Shi ya sa Ibn Abi Zaid ya kawo ta cikin babin ciniki a Risala. Sharaɗinta shi ne a san kuɗi, a san wa'adi. Amma mu me muke yi? "Shiga kawai Malam, ma daidaita." Wai kara ke nan! Wata shida sai ka gan su gaban alƙali. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu.

In an yanka shekara, to ta zama tilas a kan kowa. Ba ya halatta mai gida ya ƙara kuɗi a tsakiya don wani ɗan kasuwa ya taya ninki biyu. Kuma a mazhabar Malik mutuwa ba ta warware haya. In mai gida ya rasu, magada ba su da ikon cewa a tashi za su raba gado, sai wa'adi ya cika. In ɗan haya ne ya rasu, sauran watanninsa haƙƙin magadansa ne. Subhanallahi, mace tana cikin takaba, ga marayu, a aiko mata da cewa ana son ɗaki? Wanda ya yi haka dukiyar marayu ya ci. Amma in gida ya rushe, kamar yadda da yawa suka rushe a ambaliyar 2022 a Jihar Jigawa, to haya ta warware, a mayar wa mutum kuɗin watannin da bai zauna ba.

Dokar ƙasa ma ba ta yarda da korar dare ɗaya ba. A galibin jihohi, in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara wata 6, sa'an nan wani na kwana 7 kafin a je kotu. Kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Kwance kwanon rufi, ko cire ƙyaure, ko watsa kaya waje, duk zalunci ne. Wanda kuma ya tafi wurin boka don a tayar masa da ɗan haya, wannan ya bar zancen gida, imaninsa ya taɓa.

Kai kuma ɗan haya, hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Kana da kuɗin makaɗa ranar suna, na haya ne babu?

Wanda ya gaza da gaske, aya ta 280 a Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu. Yana kuma cikin mabarta da aka ambata a aya ta 60 a Suratut Tauba, saboda haka mai fitar da zakka ya iya biya masa bashin haya da ita. In rigima ta taso a fara da sulhu wurin limami ko mai unguwa. In ta ƙi, ga kotun Shari'a, ga kuma Hukumar Ba da Agajin Lauya ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976 domin marasa hali.

Darasi mai zuwa, in Allah Ya so, a kan jinginar gona ne.