Me Ya Sa Wasan PlayStation Ke Sarƙewa Bayan Sabuntawa?

Wani mai sauraronmu daga Yalwa a Bauchi ya ce tun da ya sabunta wasan ƙwallonsa, in ya danna maɓalli sai ɗan wasa ya yi jinkiri.

To malam, in ta intanet kake bugawa, ranar da sabuntawa ta fito, jama'a kan yi wa sabar kamfani rubdugu, dole ta yi nauyi. Ga kuma nisa: saƙonka kan bi ta Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne suka sauka, sau da yawa har Turai, sannan ya dawo. Jinkirin da ya haura milisakan 100 kuwa, hannu na jin sa.

Duba ko wani abu na sauka a ɓoye, ka dakatar da shi. Haɗa na'urar da wayar intanet maimakon Wi-Fi. In ya ƙi, jira gyaran kamfanin.