Ƙashin yawo da danginsa

Damina ta wuce, an yanke gero, an koma makaranta. Ran Laraba da safe Rabi ta shigo aji tana ɗingishi. Ta biyo ta wajen turken awaki, ƙaya ta soke ta a ƙafa, wasu kuma sun manne a gefen zanenta.

Sani ya ce: « Ƙarangiya ce. »

Ali ya ce: « A'a, tsidau ne. »

Malam ya cire ƙaya ɗaya daga zanen, ya aza a tafin hannunsa. Tana da ƙaho 2, jikinta duk ƴan ƙugiyoyi. Ya ce: « Ku duka ba ku gane ba. Ku tashi mu je mu ga uwar ƙayar. »

Suka tafi bayan gari, inda dabbobi ke kwana. Duka ukun suna nan. Ƙarangiya ciyawa ce mai dogon ganye siriri. Tsidau yana kwance, ya shimfiɗu a ƙasa, furensa rawaya ne mai kunne 5. Na ukun yana tsaye, ya kai gwiwar Malam. Jikinsa gashi ne, rassansa suna rabuwa biyu biyu, ganyensa suna duban juna. Ƙayoyinsa sun jeru kamar tauraro. Shi ne ƙashin yawo.

Malam ya tsinko wani ɗan ƙaramin kai daga tsakanin rassa. Ya buɗe shi da allura, ya ba Rabi madubin ƙara girma.

« Fure nawa kika gani? »

« Malam, da na ce ɗaya ne. Ashe suna da yawa, ƙanana ƙanana! »

« Madalla. Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya, taron furanni ne. Suna zaune wuri guda kamar mutane kan tabarma, ƴan ganyaye kuma sun kewaye su daga ƙasa. In kun ga haka, kun gane dangin. Da Faransanci ana ce musu composées, wato masu haɗaɗɗen fure. Furen tsidau kuwa, ko kun buɗe shi, ɗaya ne tak. »

Dangin babba ne ƙwarai: akwai iri fiye da 20 000 a duniya. Yaran ma sun san wasu, ba su dai san ƴan uwan juna ba ne. Akwai dayi, wanda raƙuma ke so. Shi ganyayen da suka kewaye kansa sun zama ƙaya masu tsini. Akwai shuwaka mai ɗaci, wadda ake wanke ganyenta a yi miya. Idan furenta ya bushe, kowane ƙwayar iri yana da ɗan gashi a ka, iska ta ɗauke shi ta kai nesa. Ko salatin da ake shukawa a lambu da rani ɗan gidan ne. A bar shi ya tsufa, a ga furensa.

Ƙashin yawo ba ya jiran iska. Yana maƙalewa a jikin tumaki, da wutsiyar shanu, da tufafin mutane. Baƙo ne a ƙasarmu: asalinsa Amurka ta Kudu. Dabbobi ba su cika cinsa ba, kuma idan ya gauraya da harawa da yawa yana sa awaki ciwo. Shi ya sa ake tuge shi tun bai yi ƙaya ba.

Ali ya ce: « Malam, tun da ɗan uwan salati ne, ana cinsa? »

Malam ya girgiza kai: « Kul! Zama dangi ɗaya bai sa a ci ba. Kada ku sa wani ganyen daji a baki sai kun tambayi manya. »

Tambayoyi

1. Yaya ake bambanta ƙashin yawo da tsidau?
2. Mece ce alamar wannan dangi?
3. Ta wace hanya irin shuwaka ke tafiya?

Aiki: Ku samo fure iri 3 a bakin gona. Ku buɗe su, ku zana abin da kuka gani.