Darasin Kirsimati: Tsofaffi a Ƙofar Haikali

Karatu: Ezra 3:8-13, Haggai 2:1-9, Luka 2:22-38
Ayar haddacewa: Zabura 71:18
Manufa: Domin mu gane yadda Allah ya ke so iyayenmu tsofaffi su yi da begen Kirsimatin dā, da yadda ya wajaba ekklesiya ta karɓi shaidarsu.

Ga mai-koyarwa: A karanta wuraren nan uku da murya kafin a soma. A ba dattawa wurin zama a gaba, a kuma bar musu lokaci su yi magana.

GABATARWA

In hunturu ya sauko, ƙura ta rufe duwatsun Minna, ana haƙar doya a gonaki, kowa ya san Kirsimati ya yi kusa. Yara su kan soma ƙirga kwanaki. Amma in ka zauna kusa da iyayenmu a Fadikpe, sau da yawa za ka ji suna cewa, Kirsimatin yanzu ba kamar na dā ba. Waɗansu matasa su kan yi dariya, su ce ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Waɗansu tsofaffi kuwa su kan yi shiru, su janye jiki, har ranar idi ta zama musu ranar kaɗaici. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce ga ekklesiya. Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan batu ba, gama ya nuna mana tsofaffi har sau uku a wuri ɗaya, wato a haikalin Urushalima.

1. TSOFAFFI MASU KUKA (Ezra 3:8-13)

Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, rundunar Babila ta ƙone haikalin da Sulemanu ya gina, a ka kwashe jama'a zuwa bauta. Bayan shekara kamar 50, Sairus sarkin Farisa ya ba su izini su koma. Sa'ad da a ka kafa harsashin sabon haikali, firistoci su ka busa ƙahoni, jama'a su ka yi sowa. Amma da yawa daga cikin tsofaffin firistoci da Lawiyawa da shugabannin gidaje, waɗanda su ka ga haikali na fari da idonsu, su ka fashe da kuka. Ezra ya ce muryoyin nan biyu sun gauraya, har mai ji daga nesa bai iya rarrabe su ba.

Mu lura da abu ɗaya. Ba a rubuta cewa an tsauta wa tsofaffin nan ba, ba a kuwa fitar da su daga taron ba. Kukansu ya shiga cikin sujadar ranan nan tare da sowar samari. Sun tuna da itacen al'ul da zinariya, sun kuma tuna da iyayensu da 'yan'uwansu waɗanda su ka mutu a baƙuwar ƙasa.

Haka ya ke a wurinmu. Uwa da ta ke share hawaye sa'ad da a ke rera tsohuwar waƙa daga Littafin Waƙoƙi, ba lalle ne bangaskiyarta ta raunana ba. Wataƙila muryar mijinta ta ke tunawa, wanda ya saba tsayawa a gefen maza yana jan waƙan nan. Ranar idi ita ce ranar da gurbin wanda ya rasu ya fi bayyana. Kada mu hana irin wannan hawaye.

2. AMSAR UBANGIJI (Haggai 2:1-9)

Aikin ginin ya tsaya shekaru da dama, saboda maƙiya da kuma sanyin gwiwa. A shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu, shekara ta biyu ta sarautar Dariyus, Allah ya aiko annabi Haggai. Saƙon ya zo a rana ta 21 ga wata na bakwai, wato a ƙarshen Idin Bukkoki. Ashe a tsakiyar idi ne zuciyar mutane ta karai. Waɗanda su ka san haikali na fari sun haura shekara 70 a lokacin.

Ubangiji bai yi musu gardama ba. Ya yarda cewa a idonsu sabon ginin kamar ba kome ba ne. Amma ya ba su abu uku: ya umarce su su ƙarfafa su yi aiki, ya tabbatar musu yana tare da su kamar yadda ya alkawarta tun fitowarsu daga Masar, ya kuma ce darajar gidan nan ta ƙarshe za ta fi ta fari, a nan ne kuma zai ba da salama.

A nan ne haɗarin begen dā ya ke. Tunawa ba zunubi ba ce, amma in tunawa ta sa hannu ya saki aiki, ta zama tarko. Saboda haka Mai-Wa'azi 7:10 ya gargaɗe mu kada mu riƙa tambaya don me kwanakin dā su ka fi na yanzu, gama ba hikima ke kawo irin wannan tambaya ba. Mutum ya kan tuna da daɗin shinkafar Kirsimati ta ƙuruciyarsa, ya manta cewa ta yi daɗi ne domin sau ɗaya ko biyu a ke cinta a shekara.

3. TSOFAFFI MASU GANEWA (Luka 2:22-38)

Shekara wajen 500 su ka wuce. Hirudus ya faɗaɗa haikalin nan na biyu, ya ƙawata shi da manyan duwatsu, amma akwatin alkawari ba ya ciki. Yaushe fa alkawarin Haggai zai cika?

Kwana 40 bayan haihuwar Yesu, Yusufu da Maryamu su ka kawo shi haikali. Hadayarsu 'yan tsuntsaye biyu ce, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya yardar wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Ba ƙaho, ba sowa, ba rakiyar manya. Talakawa biyu ne da jinjiri a cikin taron masu shiga da fita. Duk da haka Ubangijin haikali ne ya shigo haikalinsa, masu bi kuwa tun dā sun ga cikar maganar Haggai a cikin wannan zuwa.

Wa ya gane shi? Ba a ambaci babban firist ba, ba a kuwa ambaci malaman Attaura ba. Saminu ne da Hannatu. Luka bai faɗi shekarun Saminu ba, amma maganarsa ta mutumin da ya gama aikinsa ce, yana jiran sallama. Hannatu kuwa, 'yar Fanuyila ta kabilar Ashiru, ta yi shekara 7 kaɗai da mijinta, ta zauna gwauruwa har ta tsufa ƙwarai. Luka ya ambaci shekara 84. In akwai wanda ya isa ya zauna yana kukan jiya, ita ce. Amma ta ba da kwanakinta ga azumi da addu'a a haikali.

Mene ne bambancinsu da tsofaffin zamanin Ezra? Dukansu masu tunawa ne. Amma na fari sun tuna da gini, Saminu da Hannatu kuwa sun tuna da alkawari. Wanda ya riƙe siffar abin da ya wuce, in Allah ya zo da wata siffa, ba zai gane shi ba. Wanda ya riƙe alkawari, idonsa na gaba, ko da ƙafarsa ta yi nauyi. Mu kuma lura da abin da Hannatu ta yi bayan ta ga yaron: ta yi godiya, sa'an nan ta shiga ba da labarinsa ga dukan masu sauraron fansar Urushalima. Tsohuwa ce ta zama ɗaya daga cikin masu shelar Kirsimati na fari.

4. KIRSIMATIN DĀ A ƘASARMU

Bari mu auna namu begen da wannan ma'auni. Iyayenmu suna tunawa da abubuwa masu kyau. A kan haɗa kuɗi a sayi saniya a yi watanda, kowane gida ya sami kashinsa. Tela ya kan kwana a kan keke domin yara su sami sabuwar riga. A kan bi gida gida da fitilar ƙwai ana waƙa har asuba. Yara su kan yi wasan makiyaya da masanan gabas da bargo da sandar kara. Mata su kan buga tulu suna jan waƙa da Hausa ko da Gbagyi. A kan aika yara da kwanon abinci zuwa gidajen maƙwabta Musulmi, su ma su rama ranar Salla. Waɗanda su ke aiki nesa su kan sauko a tashar jirgin ƙasa ta Minna da tsaraba a ka.

Amma kwanakin nan ba na hutu ba ne. A watan Disamba na 1893 ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda su ka soma aikin da ya zama mishan ta SIM, su ka sauka a Ikko. Kafin Kirsimati na 1894 biyu daga cikinsu sun mutu, Gowans a Girku, Kent kuwa a nan Bida. Sai a 1904 a ka buɗe tashar mishan a Wushishi. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, don haka masu bi na fari sun yi Kirsimati da ɗan abin da su ka haddace. Da yawa sun yi tafiya mai nisa da ƙafa zuwa sujada, waɗansu kuma danginsu sun ƙi su saboda sunan Yesu.

Zamani ya juya. Tun da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, gari ya yi ta faɗaɗa, unguwanni irin su Fadikpe da Kpakungu su ka cika da gidaje da baƙin harsuna. 'Ya'ya sun watse zuwa Abuja da Kaduna da Ikko, gaisuwar idi ta koma ta waya. Mun kuma ga baƙin ciki irin wanda iyayenmu ba su zata ba, kamar ranar Kirsimati ta 2011, sa'ad da bam ya tashi a majami'ar St. Theresa a Madalla, a cikin jiharmu, mutane da yawa su ka rasa rayukansu. Akwai kuma 'yan'uwa da rashin zaman lafiya ya raba su da ƙauyukansu a wajajen Shiroro da Munya, su ka yi idi a gidan wani.

Me ya rage wanda bai sāke ba? Ko ranar 25 ga Disamba ma ba a rubuta ta a cikin Linjila ba. Shaida mafi daɗewa ta kiyaye ta daga birnin Roma ta ke, a shekara ta 336. Al'adun idi ƙwarya ce, Almasihu shi ne abin da ke ciki. Ƙwarya ta kan tsufa ta fashe, a sāke wata. Wanda Saminu ya rungume, shi ne iyayenmu su ka raira wa waƙa a hasken fitila, shi ne kuma jikokinsu ke yabo yau da lasifika.

5. ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Ya ku iyayenmu, kada ku binne abin da ku ka gani. In jikanka ya zauna kusa, kada labarin ya tsaya a kan arhar nama a zamanin sule da sisi. Ka faɗa masa yadda bishara ta shigo gidanku, wa ya koya maka karatu, a ina a ka yi maka baftisma, da shekarar da rumbu ya ƙare amma Allah ya ciyar da ku. Wannan ce roƙon mai Zabura a ayarmu ta haddacewa, cewa Allah ya riƙe shi cikin furfura har ya sanar wa tsara mai zuwa ikonsa. Kada kuma ku rena waƙar matasa don ba irin taku ba ce. Ku tambaya ko tana ɗaukaka Almasihu.

Ya ku matasa, da tsohuwar zuma a ke magani. Maryamu da Yusufu ba su hana tsohon nan ɗaukar yaron ba, sun tsaya sun saurara, har ga magana mai zafi game da takobin da zai soki zuciyar Maryamu. Ku roƙi dattawa su koya muku tsofaffin waƙoƙi tun suna da murya.

Ga dukan ekklesiya kuwa, ga shawara uku. A sa waƙa ɗaya ko biyu na dā a cikin sujadar Kirsimati, a bar tsofaffi su ja. A rubuta sunayen gwauraye da marasa lafiya da waɗanda ba su iya fitowa, Zumuntar Mata da matasa su raba gidajen a tsakaninsu, su kai abinci da karatu da addu'a kafin rana ta faɗi. A kuma riƙe al'adar kai wa maƙwabci abinci, ko wane ne shi, gama saƙon mala'iku na salama ne a duniya.

TAMBAYOYI

1. Don me tsofaffi su ka yi kuka a Ezra 3, alhali ranar murna ce?
2. Waɗanne abubuwa uku ne Ubangiji ya faɗa ta bakin Haggai?
3. Me ya sa Saminu da Hannatu su ka gane Yesu, sauran jama'a kuwa su ka wuce?
4. A cikin al'adun Kirsimati na dā, wanne ne ya kamata mu maido, wanne kuma za mu iya bari ba tare da hasara ba?
5. Wane tsoho ko tsohuwa ne a unguwarku zai yi idin bana shi kaɗai? Wa zai je wurinsa?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin iyayenmu waɗanda su ka riƙe bangaskiya cikin wahala har ta iso gare mu. Ka ta'azantar da masu kewar waɗanda su ka riga su. Ka buɗe idon tsoho da yaro su gane Ɗanka a cikin zamanin nan, ka kuma buɗe bakinmu mu ba da labarinsa. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.