HAKKIN RIƘON YARO BAYAN RABUWAR AURE

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a bara akwai wani yaro ɗan shekara bakwai cikin ɗalibaina a Dutsen Abba wanda karatunsa ya lalace. Da na bincika sai na tarar ubansa ya saki uwarsa, ya ƙwace shi ya damƙa wa amarya, ya kuma rantse uwar ba za ta sake ganinsa ba. Na same shi da maganar, ya ce ai ɗa na uba ne. Wannan jawabi shi ne al'adar yawancinmu, watau da zarar an yaye yaro sai uba ya aika a ɗauko shi. To, me shari'a ta ce?

Malaman fiƙihu suna kiran riƙon yaro da renonsa halana. A mazhabar Maliki, wadda kotunanmu su ke bi, uwa ce ta fi kowa cancantarsa bayan saki. Ibn Abi Zaid, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cewa namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har a yi mata aure ta tare. Ashe yaye ba shi ne iyaka ba.

Hujja kuwa ita ce hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda wata mata ta kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) ƙarar mijin da ya sake ta yana neman raba ta da ɗanta. Ya hukunta ita ta fi cancantarsa matuƙar ba ta yi aure ba. Haka kuma a cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Sayyidina Umar ya ga ɗansa Asimu a Ƙuba bayan ya rabu da uwarsa, ya ɗora shi a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta ja da shi, aka je gaban Halifa Abubakar, ya umarce shi ya bar mata yaron. Umar bai mayar da magana ba. In Umar ya sallama, wane ne ni, wane ne kai?

Idan uwa ta yi aure ta tare da wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙinta ya faɗi, amma ba ya faɗawa hannun uba nan take. Sai ya koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan inna, watau 'yar'uwar uwa, sa'an nan kaka ta wajen uba, kana a zo kan uba. Annabi da kansa ya ba Ja'afaru riƙon 'yar Hamza saboda matarsa innar yarinyar ce. Wanda kuma ya san uwa ta yi aure ya yi shiru har shekara guda ba da wani uzuri ba, ba shi da sauran magana.

Duk mai riƙo lalle ne ya kasance mai hankali da amana da ikon kula da yaro, a gida mai tsaro, ba ya ɗauke da cuta mai yaɗuwa. Uban da ya ce tsohuwar matarsa ba ta da amana, shi zai kawo shaidu gaban alƙali. Ɓacin ran saki ba shaida ba ne.

Shi ma uba yana da nasa. Shi ne waliyyi, shi ke lura da tarbiyya da sa yaro makaranta, sai dai yaron ya kwana wurin mai riƙonsa. Ci da tufafi duk a kansa su ke, gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta nuna. Ayar nan ta hana a cuci uwa saboda ɗanta, ta kuma hana a cuci uba saboda ɗansa. Saboda haka matar da ta ɓoye yaro don ubansa ya zo ya koma bai gan shi ba ta yi zalunci, haka nan mijin da ya tsai da kuɗin abinci don a gaji a miƙo masa ɗa. Hana ganin juna yanke zumunci ne, ko daga wane ɓangare ya fito.

Game da ƙaura, malamai sun iyakance tafiyar mil 72. In uba ya tashi da niyyar zama a wuri mai wannan nisa, hanya kuma tana da aminci, yana da ikon tafiya da ɗansa, sai in mai riƙo za ta bi. Daga Zariya zuwa Kaduna bai kai ba, zuwa Sakkwato ya wuce. Tafiyar fatauci ba ta cikin wannan hukunci.

In sulhun dangi da malaman unguwa ya gagara, a nufi kotun shari'a, kada a yi ƙwace. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ikon duba sha'anin riƙon yara.

Yaron nan da na ambata, bayan dattawa sun sa baki ya koma wurin uwarsa, ubansa yana zuwa ganinsa kowace Jumma'a. Yanzu ya kai izu biyar.

Allah Ya ba mu ikon bin gaskiya ko da ta saɓa wa al'adarmu, amin. Allah ne Mafi sani.