Auna Ruwan Tanki da Amsa-Kuwwa: Darasi Kan Ƙananan Kwamfutoci

A wajajen shekarar 2006, Eben Upton na Jami'ar Cambridge da ke Ingila ya lura da wani abin damuwa. Masu neman karatun kwamfuta suna raguwa, waɗanda suka zo kuma yawancinsu ba su taɓa rubuta wa na'ura umarni da hannunsu ba. Dalili kuwa shi ne kwamfutar gida ta zama kaya mai tsada, wadda uba ba ya yarda yaro ya taɓa cikinta. Shi da abokan aikinsa suka ƙudura ƙera wadda araharta za ta sa ko ta lalace ba a yi babbar asara ba. A watan Fabrairu na 2012 aka fitar da Raspberry Pi, faɗinta kamar katin banki, a kan dala 35. A 2021 aka fito da ƙanwarta, Pico, a kan dala 4.

Darajar waɗannan na'urori tana ga jerin ƙafafun ƙarfe da ke gefensu. Ta waɗannan ƙafafu ne na'urar ke karɓar labari daga ma'aunin zafi ko na haske, ta nan kuma take kunna fitila ko ƙararrawa. Ga wani aiki da ajin kimiyya zai iya gwadawa: sanin yawan ruwan da ya rage a tankin makaranta ba tare da an hau tsani ba.

Dabarar irin ta jemage ce. Ana amfani da ƙaramin ma'auni mai suna HC-SR04, mai idanu biyu kamar na mujiya. Ɗaya yana fitar da sauti mai kaɗawa sau 40,000 a sakan, wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji, domin iyakar jinsa wajen 20,000 ne. Ɗayan kuma yana jiran amsa-kuwwa. Idan aka kafa ma'aunin a murfin tanki yana duban ƙasa, sautin zai bugi saman ruwa ya dawo, Pico kuma ta ƙirga lokacin da tafiyar ta ɗauka.

Saura lissafi. Sauti yana cin mita 343 a sakan idan zafin iska digiri 20 ne. A ce amsa-kuwwa ta dawo bayan sakan 0.004. Idan aka ninka 343 da 0.004, za a sami mita 1.372. Amma sautin zuwa da dawowa ya yi, saboda haka sai a raba gida biyu: kimanin santimita 69 ke nan daga murfi zuwa ruwa. Idan tsayin tankin santimita 150 ne, zurfin ruwan 81. Mantuwa da wannan rabawa ita ce kuskuren da sababbin hannu suka fi yi, har na'ura ta ce tanki ya ƙafe alhali yana da ruwa.

Akwai kuma batun zafi. Gudun sauti yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a sakan kan kowane digiri ɗaya. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ke kai digiri 40, gudun ya zama wajen mita 355. Wancan lissafi zai ba da santimita 71 maimakon 69. Bambancin ba ya hana tanki aiki, amma yana ba malamin fiziya damar nuna wa ɗalibai cewa lambar da suka haddace daga littafi tana da sharaɗi.

Wurin da ake yin asara shi ne wajen haɗa wayoyi. Ma'aunin yana aiki da wuta volt 5, kuma amsarsa da volt 5 take fitowa, alhali ƙafafun Pico volt 3.3 kawai aka yi su su ɗauka. Wanda ya haɗa su kai tsaye yana iya ƙone na'urar, kuɗin da aji ya tara ya tafi a banza. Maganin resista biyu ne. A jera mai om 1,000 da mai om 2,000 tsakanin ƙafar amsa da wayar ƙasa, ta farkon daga ɓangaren ma'auni, sannan a ɗauki saƙon daga mahaɗarsu. Kashi biyu cikin uku na volt 5 ne zai isa Pico, wato 3.3.

Umarnin da za a rubuta da harshen MicroPython gajere ne: tura sauti, ƙirga lokaci, yi lissafi, kunna jar fitila idan ruwa ya yi ƙasa da rubu'in tanki. Batirin ajiya na cajin waya ya isa ya riƙe na'urar, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da aikin. Sai dai tururin cikin tanki yana cin ma'aunin da tsatsa. Gara a fara gwaji da bokiti a cikin aji.

Ɗalibai masu himma za su so na'urar ta riƙa kunna injin jan ruwa da kanta. Hakan yana yiwuwa, amma injin da wutar gida yake aiki, mai volt fiye da 200, wadda ke kisa. Wannan mataki sai da malami da ƙwararren mai gyaran wuta a wurin.